Kanal Ɗin Da Muka Yi Wa Kwalliya

Tsamiyar Kwari, ta Ɗambatta
9 ga Nuwamba

Zuwa ga taubashina Hashimu, a Abuja.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya kai da Aina'u da yara. Mu nan Alhamdulillahi. Ƙafar Inna Larai ta yi sauƙi har tana fitowa tsakar gida, gero kuma ya shiga rumbu, ba laifi. Sau huɗu ina kiran wayarka ana ce min kana cikin zama. To ga takarda, ita ba a kashe ta. Kakarka Ummukulthum da kakana Yuguda ciki ɗaya suka fito, saboda haka ko gwamna ka zama ina da ikon ja maka kunne.

Shekaranjiya na ji a rediyo an kai wani ƙudirin doka majalisarku. Wai duk filin noman rani da ke shan ruwan dam na gwamnati, in ya yi rani biyu ba a noma shi ba, za a karɓe a ba wanda zai iya. Mai sharhin har da cewa wannan ne maganin malalata. Tun da na ji kalmar nan abinci ya daina yi min daɗi.

Ka san filin da marigayi maigidana Malam ya bar min a ƙarshen kanal, hanyar ruwan da ke tahowa daga dam. Da albasarsa na aurar da 'ya'ya biyu, da ita nake riƙe da huɗun da suka rage. Daminar bara waccan ruwa ya fasa kanal ɗin a gindin giginya, tun daga nan ko ɗigo bai ƙara isowa gare mu ba. Gida goma sha bakwai ne mu a wannan layin, kuma rani biyu ke nan cif muna kallon ƙasa tana tsagewa. Mun kai kuka har mun gaji da sintiri. Yau kuma mu ne malalata? Ni da nake fita tun asuba da fartanya, wani mai zama a ƙarƙashin fanka zai kira ni malalaciya?

Kai kullum kana cikin majalisar nan. Ka tashi tsaye ka gaya musu ruwa ne babu, ba hannu ba. In kuwa ka yi shiru aka karɓe filin marayu kana kallo, kada ka ƙara aiko min da shaddar sallah.

Taubashiyarka da ba ta tsoronka,
Barira

*

Abuja
21 ga Nuwamba

Yaya Barira,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso ta hannun direban Ɗambatta, duk ta sha manja. Muna lafiya, sai Nana Maryam da ta yi mura ta warke. A gaida Inna Larai da jiki.

Kin ba ni dariya, kin kuma ɓata min rai. Shekara goma sha ɗaya ina gaya wa mutanen gida ni ba ɗan majalisa ba ne, ba wanda ya yarda. Aikina shi ne in zauna a ƙasan kujerar shugaba in rubuta duk abin da aka faɗa, kalma da kalma. Ba ni da baki a zauren nan. Ranar da na tashi tsaye na yi magana, ranar zan kwashe kayana.

Amma ki saurara, abin bai kai inda kike tsoro ba tukuna. Doka ba a rana ɗaya take fita ba. An yi wa ƙudirin karatu na farko, wato an faɗi sunansa kawai. Makon jiya aka yi karatu na biyu, nan ne ake muhawara. An kai ruwa rana. Wasu suka ce ga matasa ba su da gona alhali filaye na kwance, kuma gaskiyarsu ce a wasu wuraren. Wakilinku ya tashi ya ce akwai inda ruwan ne ba ya zuwa, har ya kama sunan Tsamiyar Kwari. Da hannuna na rubuta. Saboda maganarsa aka miƙa ƙudirin ga kwamiti, aka ce su je su gani da idonsu, su dawo su kira minista ya amsa tambayoyi.

Ranar biyar ga Disamba za su zo garinku. Yaya, wannan ce damarku. Ku kai su gindin giginyar nan su ga inda ya fashe, ku kai su filayen su ga yadda suka bushe, ku rubuta kukanku ku damƙa wa shugaban kwamitin hannu da hannu. Gani ya kori ji. Mutanen nan abin da suka gani da abin da aka faɗa a gabansu kaɗai suke aiki da shi.

Shaddar sallah kuwa ko kin ƙi sai na aiko.

Ƙaninki,
Hashimu

*

Tsamiyar Kwari
8 ga Disamba

Hashimu,

Gaisuwa mai yawa. Kowa lafiya, sai gajiyar baƙi da ba ta sake mu ba har yau. Wai ba ka da baki. Da can da kake cinye mana ɗanwake in ka zo hutu, da me kake ci? Na bar ka da wannan, yau ina cikin farin ciki.

Baƙinka sun zo sun tafi, kuma wallahi mun fita kunya. Da na karanta wa Mai Unguwa Dabo takardarka, ya tara mutane a ƙofar gidansa. Ya ce manyan ƙasa ba za su taka ƙaya da kashin awaki a garinmu ba. Aka kira gayya. Kwana uku maza suna sassabe kanal ɗin tun daga bakin titi har ƙarshen layi. Da aka zo wurin da ya fashe, Usaini, ɗaya daga cikin masu filayen layinmu, ya ce motocinsu ba za su iya tsallake ramin ba, sai aka cika buhuna da ƙasa aka jera, aka shafe da laka, ya yi kyau kamar ba a taɓa fasawa ba.

Sauran kuma shawarata ce, ba zan ɓoye maka ba. Na ce tun da malalata aka kira mu, to a nuna musu hannunmu. Muka aika Watari wurin dangin maƙwabciyata Halimatu Sadiya aka kawo mana dashen albasa. Muka ari injin ban ruwa guda uku, aka ja ruwa daga kududdufin bayan makaranta aka sako a kanal. Safiyar ranar, in ka tsaya a bakin filina, kore shar har inda idonka ya tsaya. Na yi hawaye, don rabon da in ga filin nan haka tun Malam yana da rai.

Sun iso bayan azahar da motoci shida. Suka zagaya, suka yi ta ɗaukar hoto. Shugabansu ya tambayi Mai Unguwa ko akwai matsala. Ka san ba a tarar baƙo da kuka tun bai sha ruwa ba. Mai Unguwa ya ce, “Ranka ya daɗe, sai godiya. Gwamnati ta yi mana komai, Allah ya saka.” Nufinmu in sun ci abinci sun natsu, sai a shigo da maganar a hankali. Mun yi waina da miyar taushe, an yanka zabi goma. Suna wanke hannu wani ya duba agogo ya ce jirginsu na ƙarfe shida, suka miƙe. Ba mu ga ya dace a tare babban mutum a bakin mota ana cusa masa takarda kamar masu bara ba, sai na sa ta a cikin buhun gyaɗar da muka ba su tsaraba, daga sama, inda yana buɗewa zai gani.

Yanzu sai su koma su gaya wa ministan nasu irin mutanen da ke Tsamiyar Kwari.

Barira

*

Tsamiyar Kwari
13 ga Janairu

Hashimu,

Ina fata lafiya ce ta ɓoye ka. Mu muna nan. Sati biyar ke nan ba takarda, waya kuma in ka ɗauka sai ka ce za ka kira. Mun mayar da injinan mutane, dashen ya bushe tun sati na biyu, buhunan sun farfashe awaki suna hawa. Ban damu ba, sun gama aikinsu.

Abin da ya dame ni shirunka. In kunyar mu kake ji don abokan aikinka sun ga ƙauyen da ka fito, ka faɗa min in sani. Ni dai ban ga abin da muka rage su da shi ba.

Barira

*

Abuja
20 ga Janairu

Yaya Barira,

Muna lafiya. Ki yafe min shirun. Majalisa ta tafi hutu, wannan ɗaya. Na biyu kuma, tun da na karanta takardarki ta Disamba na rasa da wane baki zan amsa miki. Sau uku ina farawa ina yagawa, don raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ke yayata ce. Na yi ta addu'a Allah ya sa abin ya wuce ba a lura ba. Bai wuce ba.

Ranar Talata minista ya bayyana gaban kwamiti. Ina zaune a wurina. Aka yi awa biyu ana yi masa tambayoyi, kuma an matsa masa, har gumi yake sharewa. Wata 'yar majalisa ta tambaye shi dam nawa ne ke aiki, ya faɗa, ta ce ba haka takardar ofishinsa ta nuna ba, ya nemi a ba shi sati ya gyara. Sai wakilinku ya karɓa. Ya ce, “Mai girma minista, ta yaya za a karɓe filin mutum don bai noma ba, alhali ruwan ne ba a kai masa ba? Ga mutanen Tsamiyar Kwari, rani biyu kanal ɗinsu a fashe.”

Ministan bai yi musu ba. Cewa ya yi a kunna majigi. Ya ce, “Wannan garin ku kuka zaɓe shi, ba ni ba. Hotunan nan kuma ma'aikatanku ne suka ɗauka.” Sai ga kanal cike da ruwa. Sai ga albasa kore shar. Sai ga ki, Yaya, da faranti a hannu kina murmushi har kunne. Ya ɗauko rahoton ziyarar ya karanta maganar Mai Unguwa: sai godiya, gwamnati ta yi mana komai. Ya ajiye takardar ya ce, “In akwai wanda bai noma ba a wannan wuri, ba ruwa ya rasa ba.”

Aka yi dariya a ɗakin. Wakilinku ya koma kujerarsa ya zauna. Mutumin nan ya tsaya muku a gaban ƙasa, kun mayar da shi maƙaryaci. Ni kuma na rubuta duka, har dariyar, don aikina ke nan.

Na ce ku nuna musu rami, kun cike shi. Na ce hannu da hannu, kin sa a buhun gyaɗa. Na bi ofis ofis ina neman takardar nan, ba wanda ya gan ta. Ina jin tana ɗakin girkin wani direba. Kun karɓe su kamar surukai, alhali shaida suka zo ɗauka. A wurin nan abin da ba a faɗa ba bai faru ba, ko da kowa ya san shi.

Saura ƙofa ɗaya. Ranar uku ga Fabrairu kwamitin zai yi zaman jin ra'ayin jama'a. Kowa na iya zuwa ya yi magana, minti biyar, akwai tafinta. Dole wani daga cikinku ya zo ya faɗi abin da kuka yi, dalla dalla, da bakinsa. In ba haka ba ƙudirin zai koma zaure yadda yake, kuma filayen nan goma sha bakwai suna cikin na farko da za a karɓa.

Hashimu

*

Tsamiyar Kwari
27 ga Janairu

Hashimu,

Lafiya lau, in ana kiran wannan lafiya. Da na gama karanta takardarka na yi niyyar in sa ta a murhu. Kai har ka yi girman da za ka koya min karɓar baƙi? Wace irin majalisa ce wannan da mutum zai ci wainarka, ya sha ruwanka, ya koma ya kafa shaida da murmushinka? Mutum shida da digiri, ba wanda ya sunkuya ya taɓa lakar nan ya ji ɗanya ce? Ba wanda ya ga albasar duk tsawonta ɗaya, ta kwana biyu? Yini na yi ina faɗa ni kaɗai.

Da la'asar na je filin na tsaya. Ba wanda ya ce in aika a kawo dashe daga Watari. Ni na faɗa. Haushin kalma ɗaya ta mai rediyo ya sa na ɗauki wuƙa na ba su. Wannan ya fi komai ci min rai.

Na kai wa Mai Unguwa maganar a gaban dattawa. Ya saurara har na gama, ya ce, “Barira, so kike in je gaban ƙasa in ce ni Dabo na yaudari baƙi? Da furfurata? A bar kaza cikin gashinta. Allah ba zai bari a zalunce mu ba.” Na ce, “Baba, ai ba a zalunce mu ba tukuna, mu muka rufe bakinmu.” Usaini ya ce in na je na tona wa gari asiri, 'ya'yansu ma sai an yi musu gori a kasuwar Ɗambatta. A cikin gida goma sha bakwai ba wanda ya ce zai je. Kowa ya fi son a karɓe filinsa da mutuncinsa a jikinsa.

Ni ina da marayu huɗu, kuma ba a dafa mutunci. Ka gaya wa Aina'u ta shimfiɗa min tabarma. Zan hau motar ranar Lahadi.

Barira

*

Abuja
26 ga Fabrairu

Yaya Barira,

Ina fata kin huta gajiyar hanya, kuma Inna Larai ta ji daɗin maganin da na ba ki ki kai mata. Yara suna ta tambayar ki.

Ga kwafin maganarki na sa a ciki, shafi ɗaya da rabi. A shekara goma sha ɗaya ban taɓa rubuta jawabin da ya fara da “Ban zo gaisuwa ba” sai naki. Da kika ce “Ni ce mai farantin nan, kuma ruwan da kuka gani na kududdufi ne,” sai da na ɗago kai na dube ki kafin na ci gaba da rubutu. Kin ga yadda shugaban ya cire tabarau. Abin da ba ki gani ba shi ne wakilinku, yana bayanki, ya rufe fuska da hula.

Jiya kwamiti ya kai rahotonsa zaure, aka bi ƙudirin sashe sashe. Da aka zo na bakwai, mai maganar karɓe fili, wakilinku ya kawo gyara: ban da filin da ruwa bai isa gare shi ba saboda lalacewar kanal. Aka yi ta ja. Wani ya ce in aka buɗe wannan ƙofa kowane malalaci zai ce kanal ɗinsa ya fashe. Wani ya ce mutanen da suka iya shirya ruwan ƙarya za su iya shirya fari na ƙarya. Wannan ta yi min zafi, amma na rubuta. Aka sa murya, masu e suka rinjaya da ƙyar, aka buga guduma.

Sai dai da sharaɗi. Za a turo ma'aikata su duba fili fili, su rubuta sunayen waɗanda ruwa bai isa ba, a liƙa a bayan dokar kafin karatu na uku. Wanda sunansa ya shiga ya tsira. Wanda bai shiga ba, shi ke nan. Naku ranar Alhamis ta sama ne, kuma ba za su zo sau biyu ba.

Yaya, don girman Allah, kada a taɓa komai.

Ƙaninki,
Hashimu

*

Tsamiyar Kwari
Laraba, 4 ga Maris

Hashimu,

Takardarka ta same ni lafiya, yara ma lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun, a kan gwiwata nake yi.

Tun da na dawo, mutum uku ne suka yi min sannu da zuwa. An sa muryata a rediyo, gari duk ya ji. Mai Unguwa in na gaishe shi sai ya amsa wa bango. Halimatu Sadiya ta aiko a karɓi turminta da ya shekara huɗu a gidana. Waɗanda na je dominsu su ne ke cewa na sayar da garin a Abuja. Ya yi min ciwo, ba zan ce bai yi ba. Amma na karanta musu takardarka a ƙofar masallaci, har wurin da ka ce kada a taɓa komai na maimaita sau biyu, kowa ya gyaɗa kai.

Yau da hantsi ina shanya sai na hangi mutane sun nufi kanal. Maza wajen ashirin, da fartanya da adda da tsintsiyar kaba, Usaini yana tura baro cike da buhuna. Na yar da wankin na bi su da gudu, ko takalmi ban sa ba. Na ce me za a yi? Mai Unguwa ya ce, “Ba gyara za mu yi ba, Barira. Ɗan share hanya ne kawai, da buhu biyu uku don mota ta wuce. Baƙi ne fa. An riga an kunyata mu sau ɗaya, ba za a zo a same mu cikin ƙazanta ba.”

Hashimu, da gaske yake, har cikin ransa. Kuma na san yadda abin ke tafiya: daga share hanya sai cike rami, daga cike rami sai wani ya tuna da inji.

Na koma gida na ɗauko tabarma da buta da sandar Malam. Na sauka cikin ramin, daidai gindin giginya inda ya fashe, na shimfiɗa na zauna. A nan na yi azahar, a nan nake rubuta maka wannan. Ƙaya ta kewaye ni, ga kashin awaki, ga ɓarɓashin buhunanmu na Disamba, kuma ban taɓa ganin abin da ya yi min kyau kamarsu ba. Suna tsaye a sama suna kallona. Inna Larai ta aiko a ce min ina ba ta kunya. Mai Unguwa ya ce in fito a yi magana ta hankali.

Na ce masa, “Baba, ina nan har ma'aikatan gobe su zo su rubuta sunana da na mutum goma sha shida. Wanda ya matsu ya share wurin nan, bismilla. Sai dai ya fara share ni.”

Har yanzu ba wanda ya sauko.

Taubashiyarka,
Barira